Igiyar da Aka Naɗa wa Rumbu

A Maska kowa ya san ƙa'idar turkakken sa: inda kofatonsa ya share ƙasa, nan ce iyakarsa. Sa yakan yi ta zagaya turkensa har ya fitar da da'ira fes, ba ciyawa ba tsinke, mutanen gida kuma su riƙa shanya da girki da kwantar da jarirai a bayan da'irar hankali kwance. Ƙa'ida ce mai kyau. Ba dai a cika samun mai tambayar ranar da take daina aiki ba.

A gidan Malam Maitama ta daina aiki wata ranar Asabar, damina ta fara kankama, Babbar Sallah na ƙaratowa. Ruwan da aka kwana ana yi ya jiƙa ƙasa sharkaf, da gari ya waye sai ga turke a kwance, san ya tumɓuke shi. Jan sa ne, ƙato, wanda Awaisu ɗan gidan ya shekara yana ɗura wa dusa da angurya don kasuwar Sallah. Ya taɓa soke tunkiya ta mutu nan take. Awaisu kansa ba ya matsarsa sai da sanda.

Awaisu yana sauri, 'yan ƙwadago na jiransa a gona. Da ya ga ƙasa ba za ta riƙe turke ba, sai ya ɗauko igiyar guga, doguwar nan ta rijiya, ya ƙulla bakinta a ɗaya daga cikin duwatsun da babban rumbun ƙasa ke zaune a kai. Ragowar tsawon ya naɗa wa jikin rumbun sau uku, ya cusa ta ƙarƙashin naɗin, ya bar wa san abin da bai wuce gaba biyu ba.

Yayarsa Raudatu tana tsaye da buta tana kallonsa. Malamar lissafi ce a wata makarantar 'yan mata a Funtua, ta zo duba mahaifinsu.

"Awaisu, wannan cusawar za ta riƙe kuwa?"

"Yaya Malama, ki bar ni da sa, ni ma na bar ki da alli. Dubi, ko tsohuwar da'irarsa ba zai kai ba."

Ya kira maƙwabci suka ɗauko Baba daga ɗaki. Sai maza biyu ke iya ɗaga Malam Maitama. Mutum ne mai jiki, kuma tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye bara ya ƙara nauyi. Magana ma ta tafi, kalma ɗaya ta rage masa, "madalla", da ita yake neman ruwa, da ita yake faɗa. Suka shimfiɗe shi a tabarma ƙarƙashin dalbejiyar da ke kusurwar katanga, inda yake shan iska kullum. A cikin rassan bishiyar, daidai kansa, akwai damin harawa na ƙarshe da aka ɗora tun kaka. Mazan suka hau babur suka tafi.

Raudatu ta zauna a ƙofar ɗakin Inna da takarda mai gidaje-gidaje a cinya, tana shirin darasin Litinin. Darasin da 'yan ajinta suka fi tsana ne. Sun saba a ba su x su nemo y, shi ke nan. A nan kuwa x da y duka biyun suna rataye ne a wuyan wani na uku, t, wanda ba ya ma fitowa a kan zanen. Ka ba t lamba, x ya gaya maka yawan matsawa gefe, y ya gaya maka yawan hawa sama, ka ɗiga ɗigo. Ka ƙara wa t, ɗigo ya matsa. In ka haɗa ɗigogin sai hanya ta fito, kamar sawun tururuwa a kan gari. Kullum tana ce musu kada su manta da kan kibiya, domin zane ba ya faɗin inda abu ya nufa sai an sa masa.

Tana cikin ɗiga da'ira ta ji wani abu ya faɗi, tim, kamar an yar da jiƙaƙƙen zane. Ta ɗaga kai. Cusawar ta zame. San ya girgiza wuya, ya ji sauƙi ta hagunsa, ya bi sauƙin.

"Inna. Igiyar ta kwance."

Inna Barakatu tana tsince shinkafa a faifai. Ta leƙo, ta koma.

"Ƙulli na nan a dutse, ina gani daga nan. Ai bai wuce da'irarsa ba."

"Ba da'ira yake yi ba yau."

"To me yake yi, Malama? Kusurwa huɗu?"

San yana tafiya a hankali, ƙudaje na binsa, ya ɓace bayan rumbu. Da ya ɓullo ta ɗaya gefen, ya fi nisa da rumbun. Ya taka kan murhun waje, ya ture tukunya. Murhun nan shekara guda yana wurin, kofato bai taɓa kusantarsa ba. Inna ta ajiye faifan.

San ya tsaya ya ɗaga hanci wajen dalbejiya. Ya ja, igiya ta miƙe ƙam, ya tsaya da nisa, yana huci. Baba yana kallonsa da idon da ke motsi. Sa ya sake jin sauƙi ta hagu, ya sake bi.

"Kira Awaisu!" in ji Inna.

Raudatu ta kira shi a waya. Gonar tana cikin kwari, waya ba ta shiga. Inna ta ruga jikin katanga tana ƙwala wa maƙwabciya kira, sai ga kan Shafa'atu ya leƙo, ta taka turmi.

"Lafiya, Inna? Innalillahi! Wa ya saki wannan iblishin?"

"Ina mazan gidanku?"

"Duk suna gona, ko na aike sayen katin waya babu. Na aika a kira, amma kafin su zo... Ku watsa masa ruwan zafi!"

"Ruwan zafi a san Sallah? Kin san nawa fatar..." Inna ta katse kanta, ta kama baki.

Raudatu ta duba tsakar gidan kamar ba a nan aka haife ta ba. Baba yana kusurwa, katanga a bayansa, katanga a gefensa. Hanyar fito da shi ɗaya ce, ta tsakiyar fili, ta inda igiyar ke shara. Su uku mata, ko sun kama tabarmar, ja za su yi da ƙyar, suna tsayawa suna hutawa, sa na kallonsu.

"Ku yi shiru," in ji ta. "Ihu na ƙara tunzura shi."

"Dabba ta san maigida," Inna ta ce a hankali, ba ta kalli kowa ba. "Ba ta taɓa mai gidan da take ci a ciki."

Tunkiyar da ya soke ma a gidan take ci. Raudatu ta haɗiye wannan, ta juya takardarta.

Ta zana ƙaramar da'ira a tsakiya, rumbu ke nan. Ta san kaurinsa, suna yara sukan kama hannu su huɗu su zagaye shi, ka ce gaba uku na babba in an yi rowa. Ta ɗauki t a matsayin yawan zagayen da san ya yi. Kowane t yana ba ta abu biyu: wurin da igiya ke rabuwa da jikin rumbu, da tsawon da ya kwance. Daga wurin rabuwar ta ja layi yana shafar da'irar, ta auna tsawon, ta ɗiga. Kwata zagaye, ɗigo. Rabi, ɗigo. Ta san wannan zanen, tana da lissafinsa na sayin da kosayin a ka, takan nuna wa ɗalibai shi da zare da gwangwanin madara. Ba ya rufewa. Kowane zagaye yana buɗewa ya fi na baya faɗi da kaurin rumbu ɗaya, kamar bayan katantanwa.

Ta sa kusurwar dalbejiya inda take ganin ta dace, ta bi ɗigogin zagaye na biyu da bakin fensir. Layin ya wuce ta gaban tabarma, bai taɓa ta ba. Saura kamar kamu biyu.

Ta sake aunawa. Kamu biyu.

"Wannan karon ba zai kai ba," ta ce. "Sai a zagaye na uku. Kafin nan an zo."

"Kin tabbata?"

"Ga shi a takarda."

Gaskiya lissafin daidai ne. Amma ba don shi kaɗai ta ji sanyi a ranta ba. Ta riga ta ga abin da ya kamata a yi tun ɗigo na uku, ta kuma san wa zai yi shi, kamu biyun nan kuwa sun ba ta izinin ci gaba da zama a bakin ƙofa.

San ya fito daga bayan rumbu karo na biyu. Yanzu igiyar ta yi tsawon da take jan ƙasa, ta kwashe kwanukan wanke-wanke tana tafe da su, ƙararsu na sa shi zabura. Ya zo saitin dalbejiya, ya ga harawa, ya nufe ta kai tsaye. Igiya ta miƙe, ta tsayar da wuyansa daidai inda fensir ya ce.

Wuyansa kawai. Ɗigo ba shi da ƙaho, ba shi da ƙafafu huɗu da gindi. San ya miƙa baki sama bai kai ba, ya fusata, ya juya jikinsa gaba ɗaya yana ja da baya, ƙafafunsa na baya suka hau tabarma.

"Madalla," in ji Baba. "Madalla. Madalla."

Shafa'atu ta sa salati a kan katanga. Inna ta yunƙura za ta ruga, Raudatu ta riƙe mata zane.

"Sake ni! In taka shi zai yi, ya haɗa da ni!"

"In kika je ta nan, gaba zai yi, igiyar ta ƙaru. Ina dusa?"

"Dusa? Yanzu?"

"Inna, ina dusar?"

Tana cikin buhu a bayan ƙofa. Raudatu ta zuba a babbar roba, ta kwara ruwa, ta watsa kanwa kamar yadda ta ga Awaisu na yi. Ta cire takalmi. Ta ɗaure mayafi a ƙugu. Hanyar da ta kwance igiya ita ce za ta naɗe ta, kan kibiya kawai za a juya. Sai dai sa ba ya karanta kibiya, sai wani ya shiga gabansa.

Ta fita ta dama, tana bin gefen katanga, ta wurin da ya riga ya wuce. Ƙasa na da santsi. Ta tsaya inda take zaton igiya ba ta kai, ta tuna zatonta na ɗazu, ta ƙara ja da baya. Ta buga gefen robar da tafin hannu yadda Awaisu ke yi.

San bai kula ba. Wutsiyarsa na kaɗawa a kan fuskar Baba.

Ta sake bugawa. Ta ɗebo dusar da hannu ta watsa masa. Wani ɓangare ya faɗi kusa da hancinsa. Ya sunkuya, ya lasa, ya ɗago kai ya dube ta. Ba ta taɓa ganin idonsa kusa haka ba, ja ne a gefe, da ƙuda a kwarmin. Ya sauke ƙafa ɗaya daga tabarma, sannan ɗayar.

Ya taho. Ba gudu yake ba, amma takunsa ɗaya biyunta ne. Ta ja da baya tana zagaye, rumbu a hagunta, robar a gaba kamar garkuwa. Ya kawo kai, igiya ta tsayar da shi, huci ya bugi hannunta. Ta matsa gefe, ya bi. Ta ga igiyar ta kwanta a jikin rumbu, tafi ɗaya, tafi biyu.

"Haka, 'yar albarka!" in ji Shafa'atu. "Bi da shi! Wallahi ya fi mijina jin kiran abinci!"

"Rufe mana baki, Shafa'atu," in ji Inna.

Sai suka iso bayan rumbu. A takarda babu komai a nan, fili ne fari. A gidan kuwa katangar baya ce, tsakaninta da rumbu bai fi gaba uku ba, igiyar da ke wuyan san kuwa ta fi haka. Duk inda ta tsaya a wannan lungun, zai kai ta. Ta tsaya a bakinsa. In ta ajiye robar a nan, zai cinye ya koma, Baba na nan inda yake. Ta ji Inna na karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, har da ta shiga kasuwa.

Ta zuba kashi ɗaya na dusar a ƙasa, ta jira ya sunkuya, ta juya ta ruga cikin lungun.

Bai tsaya cinyewa ba. Ta ji ƙasa na amsawa a bayanta. Lungun ya cika da tsofaffin karare da fasasshen tulu, wani abu ya shige mata tafin ƙafa, ba ta tsaya ba. Dusa na zuba a ƙirjinta. Ƙaho ya taɓa mayafin da ke ƙugunta, ya ja, ɗaurin ya kwance, ta bar masa shi. Ta fito fili ta yanka waje, nesa da rumbu, har ta bugi jikin rijiya. Ta ji igiya ta yi ƙara, ƙasar jikin rumbun ta zubo. Ta juya. Yana tsaye, wuya a miƙe, mayafinta a rataye a ƙaho, tsakaninsu bai fi tsawon tabarya ba.

Ta tsaya tana haki. Saura zagaye ɗaya kafin ya koma inda Awaisu ya bar shi, kuma zagayen yana da lungu a cikinsa. Ta san ba za ta iya sake shiga ba. Ta ja shi rabin zagaye kawai, a fili, har ya ba dalbejiya baya, rumbu ya shiga tsakaninsa da Baba. Nan ta tura masa robar da ƙafa.

"Yanzu! Shafa'atu, diro!"

Shafa'atu ta diro, zane a hannu. Inna ta riga su isa. Suka kama bakin tabarma ta wajen kai, su uku, suka ja. Ba ta motsa ba. Suka sake ja, ta taho da ƙyar, tana kwasar laka. Baba ya kama hannun Raudatu da hannunsa mai rai, ya matse har ta ji ƙashi.

Shafa'atu ta ce, "Wayyo bayana. Malam, me Inna ke ba ka ne?"

"Ja, ke dai!" in ji Inna.

Daga bayan rumbu suna jin harshen san yana kartar roba. Sun kai tsakiyar fili tabarmar ta yage, suka koma kama shi ta hammata da riga. Igiyar na kwance a gefensu, tana motsi kaɗan-kaɗan duk lokacin da ya ɗaga kai. Raudatu ba ta daina kallonta ba. Suna kaiwa dokin ƙofa suka ji robar ta kife, ya buga ta da ƙaho ta gangara. Suka ɗaga Baba da ƙarfin da ba su san suna da shi ba, suka faɗa ɗaki tare da shi. Inna ta tura ƙyaure ta sa sakata.

Ɗakin ya yi duhu. Shafa'atu ta fara dariya, dariyar ta koma kuka. Raudatu ta zauna ta ciro guntun fasasshen tulu daga tafin ƙafarta, ta ga jini a ƙasa, ta ɗauka nata ne. Sai ta ga ya yi yawa, kuma ba daga wajenta yake gangarowa ba.

Ta buɗe taga. Ƙafar Baba ta dama, shanyayyiyar, ta kumbura daga idon sawu zuwa ƙasa, yatsu biyu sun juya inda yatsu ba sa juyawa, fatar ta tsage. Shaidar kofato na nan a kai, da laka. Tun yana kan tabarma aka taka shi, yana kallon sama bai sani ba. Har yanzu bai sani ba. Yana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, gefen bakinsa mai motsi yana ƙoƙarin murmushi.

Inna ta dubi ƙafar, ta dubi Raudatu. Raudatu ta jira a ambaci takarda da kamu biyu. Inna ta durƙusa. Ta cire ɗankwalinta ta naɗe ƙafar a hankali, ta ja bargo ta rufe masa har gwiwa.

"Shafa'atu, haura ta taga ki samo mana mai Keke Napep. Ki ce Funtua, asibiti."

Raudatu ta matsa kusa da kansa, ta share masa lakar da ke kunne. Hannunsa mai rai ya sake kama nata.

"Baba, za mu ɗan fita da kai," ta ce. "Kada ka duba ƙasa, ni za ka riƙa kallo."